Daɓen Ɗakina da Jinyar Balki

Da sunan Allah Mai rahama nake ɗora alƙalami, kuma mata nake rubuta wa, musamman 'yan'uwana na ƙauyukan da ake haƙar zinari. Sunana Kulu. Haihuwar Anka ce ni, can na yi firamare har na iya haɗa baƙi, sannan aure ya kai ni wani ɗan ƙauye bayan Bagega, inda ko babur sai ya yi da gaske yake shiga da damina. Labarin ciwon ɗiyata Balki zan ba ku, wadda saura ƙiris in rasa tana da shekara biyu. Na daɗe ina jin nauyin faɗinsa, don akwai hannuna a ciki. Amma yanzu hanya ta lalace, motar asibitin da Allah Ya cece ta da ita ba ta shigowa kamar da, to gara in faɗa da bakina wata ta ji.

A garinmu ni ce mai daɓe. Ba yabon kai ba, ku je ku tambaya. In za a kai amarya ni ake kira in ja wa mata gaba, mu zuba ƙasa, mu yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mu yi ta bugu da madaɓi muna waƙa har ƙasan ɗaki ya yi santsi yana ɗaukar ido. Wahalar daɓe guda ce, neman ƙasa mai kyau da tankaɗe ta. Sai ga zinari ya zo. Maza suka bar gona suka shiga rami, ana kawo dutse cikin buhu har tsakar gida, mu mata mu farfasa, a kai inji a niƙa, a wanke a cire ɗan abin da ake nema. Abin da ya rage bayan wanki sai a tara shi tsibi-tsibi a bakin rafi, ba mai waiwayarsa. Ranar da na damƙi ƙasar nan na ji ta da laushi kamar garin tuwo, na ce kai, wannan ai ba ta neman rariya! Na ɗebo na sake daɓen ɗakina da ita. Wallahi ban taɓa yin mai kyawunsa ba. Baƙuwa in ta shigo sai ta durƙusa ta shafa, ta ce siminti ne.

Balki ita ce ta uku a wurina. A ɗakin nan ta koyi zama, a nan ta koyi rarrafe.

Ciwon ya soma ne ana jiran ruwan shuka. Makon farko babu abin tayar da hankali. Ta daina cin abinci, ko kunu na kai mata baki sai ta kau da kai. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma sai kwanciya tana bin mutum da ido. Ga kuka ba dalili, ga ciki ya ɗaure, kwana uku ba ta yi bayan gida ba. Surukata Inna Tumba ta buɗe mata baki ta leƙa ta ce, "Haƙora na. Dut ɗiyan gidanga haka sunka yi. Ki jiƙa mata sabara." Na jiƙa. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, wata ta ce a karɓo rubutu, wata ta kawo abin hayaƙi. Duk na yi, ban raina na kowa ba.

Mako na biyu amai ya shigo. Maigidana Sahabi ya ɗauke mu a babur zuwa wurin mai kemis, ya taɓa goshinta ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi mata allura kwana uku a jere. Akuyata ce ta tafi a wannan zirga-zirga, Balki kuwa ko gezau. A lokacin labari yana zuwa daga ƙauyen Dareta cewa yara suna ta mutuwa, ba a san dalili ba. A garinmu ma an soma, yau a kai ɗaya makabarta, jibi a kai ɗaya, duk ƙanana. Har da ɗan ƙawata Luba, ɗan fari, bai cika shekara ɗaya da rabi ba. Na je gaisuwa da Balki a baya, tana lanƙwashe, ina jin numfashinta a wuyana.

Zan faɗi wautata ta farko. A waɗannan kwanaki wata farar mota ta fara zuwa garinmu duk Talata, tana tsayawa a gindin tsamiyar bakin masallaci, ana cewa a kawo yara a duba jininsu. Ban je ba. Magana ta bazu cewa jinin suke tarawa su kai ƙasarsu, Inna Tumba kuma ta ce, "Ba a ɗibar jinin jikata ina raye." Ni ma ba zan ɗora mata duka ba, raina bai kwanta da su ba. Talata biyu ina jin ƙarar motar ina zaune a gida.

Ranar wata Alhamis da hantsi, an kwana ana ruwa, ina surfe a tsakar gida sai na ji wani irin sauti daga ɗaki. Na shiga na tarar da Balki ta sandare, idanu sun juye, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna karkarwa. Innalillahi! Na kurma ihu. Inna Tumba ta rugo tana salati tana tofa mata addu'a. Sahabi ya leƙo sau ɗaya, ya hau babur. Ashe ya san ranar Alhamis motar tana wani ƙauye a hayin rafi.

Ban sa rai za su zo ba. Wa zai bar layin mutane don yarinya ɗaya, wadda uwarta ma ta ƙi kai ta? Amma suka zo. Rafi ya cika, mota ta tsaya a wancan hayi. Waɗanda suka gani sun ce wata gajeriyar mata ce ta fito, ta tattare zane, ta ɗora akwati a ka, ta faɗa ruwa har ƙugu, Sahabi yana riƙe da hannun rigarta. Haka ta shigo ɗakina tana ɗigar ruwa. Ita ce Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Zariya. Ba ta tambaye ni me ya hana ni zuwa gindin tsamiya ba. Ta durƙusa ta juya Balki ta gefe, ta ba ta wani magani, kafin in ƙare salatin da na ɗauko jijjigar ta tsaya.

Sannan ta wanke ɗan yatsan Balki da sabulu, ta sake wankewa, ta kuma sakewa, har na ji haushi na ce a raina, wai ƙazanta take gani? Ta tsira shi, ta ɗauki jini ɗigo ɗaya wanda bai kai ƙwayar dawa ba, ta sa a wani ɗan akwati kamar rediyo. Can ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Maman Balki," in ji ta, don haka take kirana irin na mutanen birni, "wannan akwatin yana da iyakar da yake iya ƙirgawa. Abin da ke jinin 'yarki ya wuce iyakar."

Na ce, "Mi na na cikin jinin nata?"

"Dalma ce."

Inna Tumba ta ce, "Darma? Wadda aka liƙin kwano da ita? Wa yab ba ta darma?"

"Ba wanda ya ba ta, Inna. Cikin dutsen zinarin nan take. In an niƙa ta zama ƙura, yaro ya taɓa ya kai hannu baki."

Mako uku muna ta laluben duhu, tsofaffi da malamai da mai kemis, sai ga ɗan akwati a kan tabarmata, daga ɗigon jini ɗaya, ya faɗi abin da ke cikin jikin ɗiyata. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam wannan. Inna Tumba da kanta ta miƙo mini zanen goyo.

Aka tsallaka da mu rafi. Cikin motar har da gado, har da wurin rataya ledar ruwa. Suka wuce da mu cikin babban gari inda suke kwantar da yara. Can na ga abin da ban taɓa gani ba: mata daga ƙauyuka barkatai, kowacce da yaro a cinya, wani ya makance, wani ba ya iya ɗaga wuya. Da safe layi, da rana layi, ga zafi, ga kukan yara ba ƙaƙƙautawa. Maganin kuwa ƙwanso ne, a buɗe a zazzage a cokali a haɗa da zuma, amma duk da zumar warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Balki ta tofar, a sake. Ta amayar, a sake. Kuma ba su gajiya da ɗibar jini, har na ce wa wata ma'aikaciya, "Ku bar mata na rayuwa mana." Ta yi dariya ta ci gaba da aikinta.

Na zo da 'yan kunnena na aure a ƙulle a bakin zane, ina jiran ranar da za a ce a biya. Kwana biyar shiru. Na kasa haƙuri na tambayi Malama Rabi ranar da ta leƙo mu, ta ce, "Mayar da su kunnenki." Magani, abinci, sabulu, gidan sauro, ba a karɓi ko kwabo ba. Akwai wani likita baƙi wuluk daga wata ƙasa mai nisa, ba ya jin Hausa sai "sannu". Kullum sai ya durƙusa gaban gadon Balki ya ce sannu, ya matsa ƙafarta, ya haska idonta. Ina kallonsa ina tunani, wannan yana da uwa, yana da gida, me ya haɗa shi da ɗiyar Kulu? Ya sa tafinta ya gaya mini magana ɗaya da ta zauna mini: "Maganin yana fitar da gubar, amma in yarinya ta koma inda ta samo ta, aikin banza muka yi."

Kwana na goma Balki ta tashi zaune da kanta. Ina cin ƙosai, sai na ga hannu ya miƙo. Na ba ta, ta cinye, ta sake miƙo hannu. Matar gadon kusa da mu ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na fashe da kuka.

Muna can ashe ana aiki a gida. Wasu ma'aikata sun zo da shebur da buhuna, suka kankare ƙasar tsakar gidanmu kakaf, suka kwashe, suka zubo sabuwa. Haka suka yi wa duk gidan da aka taɓa aikin dutse. Da suka zo ƙofar ɗakina suka tambayi Sahabi ko an taɓa daka dutse a ciki. Ya ce ko sau ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. Suka leƙa suka ga ƙasa tana sheƙi, suka ce siminti ne, aka share aka goge da ruwa aka ja ƙofa. Sahabi bai san da wace ƙasa na yi daɓe ba. Wane namiji ne ya sani? Ranar daɓe maza ficewa suke yi su bar mana gida, in sun dawo su ce an gode. Su ma'aikatan maza suka tambaya, ba wanda ya tambayi mace.

Muka dawo gida bayan kusan mako uku, Balki tana tafiya da ƙafarta. Yanzu ni ce ta farko a layin gindin tsamiya duk ranar da aka ce mu zo. Zuwan farko Malama Rabi ta ce lambar dalmar da ke jininta ta sauka, ta rubuta a katinmu. Zuwa na biyu ta dubi akwati, ta sake dubawa. Lamba ta hau. Aka ba mu magani mu sha a gida, na yi ta fama da cokali da zuma. Ta sauka. Aka daina magani, ta sake hawa. Haka muka yi har sau uku, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Balki ta soma komawa gidan jiya, ga kwanciya, ga ƙin abinci, ƙafar hagu kuma tana jan ta. Duk safiya sai na tsaya ina kallon idonta, ina jiran ranar da za su sake juyewa.

Ba abin da ba su bincika ba. Suka ɗebi ruwan rijiya. Suka ce a fitar da tsohon turmi da aka taɓa daka dutse a ciki, aka fitar. Suka karɓe kwallin da nake sa mata, wai shi ma akwai dalma a wani irinsa. Daga ƙarshe ido ya koma kan Sahabi. Malama Rabi ta tambaye shi cikin ladabi ko yana komawa rami, ko yana shigowa gida da kayan aiki. Ya ce tun ranar da aka tsallaka da Balki rafi bai ƙara taka bakin rami ba. Ni ce ban yarda ba. Na tare shi a zaure na ce, "In kana komawa ka hwaɗa mani, kar ka bari in binne ɗiyata ina zargin iska."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Kulu, ni za ni kashe ɗiyata?" Ya ɗauki fartanya ya fita. Mako guda ba mu yi magana ba sai ta dole.

Inna Tumba kuma ta dawo da tata: "Maganin nasu ya kai iyakatai. Akwai mai magani wajen Gummi, a kai ta a gwada." Saura kaɗan in yarda. Talatar da ta biyo na je gindin tsamiya da fushina, na ajiye kati gaban Malama Rabi na ce, "Kun ishe mu da tsiran yatsa. Yatsunta goma dut kun huje su, kullum ta hau, ta sauka, ta hau. In ba ku iyawa ku hwaɗi." A gaban mutane na faɗa, Allah Ya yafe mini.

Ba ta yi fushi ba. Ta rufe littafinta, ta yi wa abokan aikinta magana, ta ce, "Yau ba zan zauna a nan ba. Mu je gidanki."

Ba ta ɗauki akwati ba, ba ta ɗauki allura ba. Ta shiga ɗakina ta zauna a bakin gado ta ce, "Ki yi aikinki kamar ba na nan. Ita nake son kallo." Na dama mata fura na ajiye. Tun hantsi tana zaune, ina shiga ina fita, ina cewa a raina, yau ga likita mai maganin kallo. Balki ta yi barci, ta farka, ta yi wasa da murfin kwano. Wajen azahar ta ja jiki ta nufi bayan randa. Wurin kullum a jiƙe yake saboda ɗigon ruwa, daɓen ya ɗan yi taushi ya tsage. Ta sa farce ta ƙwaƙulo ta kai baki.

Na ce, "Ke, bari!" na bugi hannunta kamar yadda na saba. Na juya na ce wa Malama Rabi, "Haka take, in ta ji ƙamshin jiƙaƙƙar ƙasa. Dut yara suna yi."

Ta sauko ta durƙusa, ta sa nata farcen ta ƙwaƙula, ta murza a yatsa. "Wannan ba siminti ba ne?"

Kun san abin da na yi? Dariya na yi, dariyar jin daɗi. Na ce, "Siminti ina? Daɓe na. Hannuna ya yi shi."

"Masha Allah. Da wace ƙasa?"

Na gyara tsayuwa na soma ba ta labari, yadda sauran mata suke wahalar tankaɗe, yadda ni na gano ƙasa mai laushi wadda ba ta neman rariya, can bakin rafi inda ake wankin... A nan na tsaya. Na ji abin da bakina yake faɗi. Na dubi ƙasan ɗakin tun daga ƙofa har ƙuryar gado, na dubi bakin Balki da ƙasa a leɓenta.

Aka kira Sahabi daga gona, ya ba da izini, wani ma'aikaci ya yi sallama ya shigo da na'ura mai kama da dutsen guga. Ya ɗora ta a ƙasa, ya duba. Ya matsa gaban gado inda Balki take kwanciya, ya ɗora, ya duba. Ya sake a bakin ƙofa. Sai ya yi wa Malama Rabi Turanci a hankali. Ta ce, "Maman Balki, ɗauke ta ki fita da ita yanzu. Kar ta ƙara shigowa nan." Daga baya ta gaya mini abin da ke ƙasan ɗakina ya fi na tsakar gida kafin a kankare.

Na zauna a tsakar gida kan sabuwar ƙasar da suka zuba, na rasa inda zan sa kaina don kunya da baƙin ciki. Duk maganin nan mai wari da na ɗura mata, ashe da yamma ni nake shimfiɗa ta a kan gubar. Ga mutumin da na tsare a zaure yana tsaye. Na jira ya rama. Sai ya karɓi Balki daga hannuna ya saɓa ta a kafaɗa ya ce, "Ba ki sani ba, Kulu. Ni nik kawo dutsen gidanga tun farko."

Malama Rabi ta bari na ɗan nitsa, sannan ta tsuguna kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Ɗaki nawa kika yi da ƙasar nan?"

Ban yi tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Na soma lissafa amaren da na yi wa daɓe tun zuwan zinari. Bakwai. Na biyu a cikinsu ɗakin Luba ne.

Ta ce, "Ba wanda ya san su sai ke. Mazan ba su sani ba, mu ma ba mu sani ba. In kin yi shiru za mu wuce su kamar yadda muka wuce naki."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in yi shiru. Garinmu ƙarami ne, a nan zan tsufa. Amma na ɗaura gyale na shige gaba, ita da mai na'ura suna biye da ni, gida-gida, ina sallama ina cewa ni ce na yi, ga ƙasar da na yi da ita. Wata ta yi salati, wata ta zage ni, ban ga laifinta ba. Gidan Luba na bari ƙarshe. Na same ta zaune a ƙasan ɗaki, ta shimfiɗe sabon jaririnta a zane kan daɓen nan. Na durƙusa na faɗa mata, ban rage komai ba. Can ta sunkuci jaririn ta rungume, ta ce, "Tare munka ɗebo ta, Kulu. Ni nir riƙa maki kwando." Ta fita waje da shi. Ba ta sake yi mini magana ba sai bayan babbar salla, kuma na fahimce ta.

Cikin makon aka fasa daɓen duka bakwai da nawa, ma'aikata da kyalle a hanci suna kwashewa a buhu. Aka zuba siminti na gaske. Tun daga nan lambar Balki ta soma sauka ba ta ƙara hawa ba, sai dai a hankali, a hankali. Fiye da shekara muna zuwa gindin tsamiya. In hanya ta yi kyau su zo a mota, in ta yi laka su zo a babur, in rafi ya kawo su zo da ƙafa, akwati a ka. Na sha ganinsu sun iso jiƙe sharkaf, su shimfiɗa tabarma su fara kiran suna kamar ba abin da ya faru. Ni dai ban san irin zuciyar da Allah Ya ba mutanen nan ba. Ranar da Malama Rabi ta ce an sallame mu, na kai mata kaza, ta ƙi karɓa, na ce wallahi sai ta karɓa, Inna Tumba ma ta sa baki har ta karɓa. Ba da jimawa ba aka mayar da ita wani wuri. Ban san inda take ba yanzu. Duk inda take, Allah Ya jiƙan mahaifanta, Ya raya mata zuri'a.

'Yan'uwana mata, ku ji da kyau. Ƙasar da aka wanke zinari kar ta shigo gidanku, ko don daɓe, ko don yaɓe, ko don cike rami, komai laushinta. In yaro ya daina ci, ciki ya ɗaure, ya yi laƙwas, kar ku tsaya ga haƙora kaɗai, ku nemi a duba jini. In masu duba gida suka zo suna tambayar maigida, ku yi magana ko daga bayan labule ne, don akwai abin da ku kaɗai kuka sani.

Ranar sallama Malama Rabi ta gaya mini gaskiya, ta ce magani ya fitar da gubar, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya mayar da shi, sai haƙuri. Haka kuwa aka yi. Balki ta kai shekara huɗu kafin ta haɗa kalma biyu. Da ta shiga makarantar allo Malam ya rubuta mata Fatiha, ta zauna a kanta. Sa'o'inta suka wuce. Ƙaninta da na haifa bayan jinyar ya shiga, ya tarar da ita, ya wuce. Shekara uku allon nan bai ga ruwa ba, in tawada ta dushe Malam ya bi ta kai ya sake. Wani lokaci in ji ta a bayan ɗaki tana maimaita aya ɗaya ita kaɗai, ta ɓace mata, ta koma farko. Sai in shige madafa in share hawaye.

Wata Laraba da hantsi ina tankaɗe, sai ga ta ta shigo da gudu-gudu tana jan ƙafar nan, allo a hannu yana ɗigar ruwa, fari fat.

"Inna, Malam ya ce in wanke."

Na ce, "Ke, ba a ƙarya da allo. Biya in ji."

Ta tsaya tsakar gida ta rungume allon ta ɗauko. Tana tafiya tana tafiya, sai ta zo inda kullum take tsayawa, ta tsaya. Na cije leɓe don kar in ɗora mata. Inna Tumba, da ta tsufa ba ta fita, ta ɗaga labule tana leƙowa. Balki ta rufe ido, bakinta yana motsi. Sai ta kama, ta wuce, ta kai ƙarshe, ta ce amin da ƙarfi har kaji suka watse.

Sannan ta dube ni ta ce, "Inna, akwai sauran ɗumame?"

Na ce akwai. Na juye mata duka, har da na babanta.